Diyapo 60 cikin minti 15: yadda majigi ke binne aikin matasa

Duk wanda ya saba halartar kare kundin ƙarshen karatu a jami'o'in Nijar, ko tarukan bita na ƙungiyoyin ONG a Yamai, ya san yadda abin yake tafiya. A kunna majigi, a hasko shafin PowerPoint na farko, wanda ɗalibai ke kira diyapo, sai mai gabatarwa ya juya wa jama'a ƙeya ya shiga karanta abin da ke bango, layi bayan layi. Kafin ya kai shafi na goma, rabin zauren ya koma kan wayar salula. Kafin ya iso ga sakamakon bincikensa, wanda shi ne dalilin taruwar, shugaban alƙalai ya ɗaga hannu ya ce saura minti biyu.

Ana ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin abu, alhali asara ce babba. Ɗalibin Masta a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi ko ta André Salifou a Damagaram yakan shafe watanni yana yawo ƙauyuka, yana tambayar manoma, yana kashe kuɗin da iyaye suka tara da ƙyar. Abin da ake ba shi a ranar kare kundi galibi minti 15 ne zuwa 20. Matashiya mai neman jari a gaban masu zuba kuɗi wani lokaci ko hakan ba ta samu. Idan waɗannan ƴan mintoci suka tafi a karatun bango, aikin shekara guda ya tafi tare da su. Saboda haka lokaci ya yi da jami'o'i da cibiyoyin horo za su ɗauki iya gabatarwa a matsayin darasi da ake koyarwa kuma ake ba shi maki, su daina barin kowane ɗalibi ya kwafi salon wanda ya riga shi fita.

Darasin kumbon Columbia

Mai ganin an kambama zancen, ya dubi abin da ya faru a Amurka. Ranar 16 ga Janairu 2003 hukumar NASA ta harba kumbon Columbia. Kimanin daƙiƙa 82 da tashinsa, wani ɓallin soson da ke lulluɓe da tankin mai ya ɓalle ya bugi fiffikensa na hagu. Kumbon na sararin samaniya injiniyoyin kamfanin Boeing suka gabatar wa shugabannin NASA bincikensu a shafukan PowerPoint. Kan wani muhimmin shafi ya ba da ma'anar cewa lissafin da ake amfani da shi yakan nuna ɓarnar da ta fi ta gaske, wato babu abin tayar da hankali sosai. Can ƙasan shafin kuma, da ƙananan haruffa, aka rubuta cewa ɓallin da aka yi gwaji da shi girmansa inci 3 ne na murabba'in kwali, wanda ake jin ya bugi kumbon kuwa inci 1,920. Ya ninka shi sau 640 ke nan. Ma'anar wannan layi ita ce gwajin da aka dogara da shi bai isa ya faɗi komai a kan wannan bugu ba.

Ranar 1 ga Fabrairu 2003 Columbia ya tarwatse a hanyarsa ta dawowa duniya, ƴan sama jannati bakwai suka mutu. Kwamitin da ya binciki hatsarin ya saka nazarin da masani Edward Tufte na Jami'ar Yale ya yi wa wannan shafi a cikin rahotonsa, ya kuma soki yadda NASA ta mayar da shafukan majigi madadin cikakken rahoton fasaha. Ba shafin ne ya huda fiffiken ba, kuma hukumar tana da wasu matsalolin da suka fi wannan girma. Sai dai bayanin da ya kamata shugabanni su fara gani yana nan a rubuce a gabansu, an dai ajiye shi a inda ido ba ya kaiwa.

Irin wannan yana iya faruwa a kowane ofis, ko da ba a kai ga asarar rai nan take ba. Jami'in lafiya da ya ɓoye ƙaruwar zazzaɓin cizon sauro na wata gunduma a layi na tara na shafi na 34 ya faɗi gaskiya, amma babu wanda ya ji ta. Magani kuma zai tafi wata gundumar.

Ido ya fi baki sauri

Dalilin da ya sa karatun bango ba ya aiki a fili yake. Mutum yakan furta kalmomi 120 zuwa 150 a minti, ido kuwa yana karatu da sauri fiye da haka. Da zarar an hasko shafi mai cike da rubutu, masu sauraro sun riga mai magana isa ƙarshensa, sai su zauna jiran ya kamo su. Wanda ya yi ƙoƙarin karantawa da sauraro a lokaci guda kuma, sai duka biyun su kuɓuce masa. Masanin ilimin koyo Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya ya daɗe yana gwaji a kan haka, kuma abin da ya samu shi ne mutane sun fi fahimtar hoto ko zane da aka raka da bayanin baki, a kan hoto da bayanin baki da kuma rubutun kalmomin da ake furtawa duka a tare. Maimaita magana a bango yana ƙara wa ƙwaƙwalwa nauyi ne kawai.

Abin da ya dace da bango shi ne abin da baki ba zai iya nunawa ba: taswira, hoto, zanen alƙaluma, jadawali ɗan ƙarami. Gani ya kori ji, amma sai in akwai abin gani. Wanda ya yi bincike a kan ruɓewar albasar Galmi a lokacin ajiya, hoton rudu ɗaya da aka buɗe bayan ƴan watanni zai yi masa aikin da sakin layi uku ba za su yi ba. Sauran bayanin kuma aikin bakinsa ne.

Kan shafi ya faɗi magana

Gyara mafi sauƙi, wanda ba ya cin ko dala, shi ne na kan shafi. Yawancin diyapo suna ɗauke da kanu irin su "Gabatarwa", "Hanyar bincike", "Sakamako", "Kammalawa". Waɗannan sunayen akwatuna ne, ba su faɗi abin da ke ciki ba. Michael Alley na Jami'ar Penn State, wanda ke koyar da injiniyoyi gabatarwa, ya ba da shawarar a mayar da kan kowane shafi cikakkiyar jimla mai ɗauke da hukunci, a sa hujjarta a ƙasa da hoto ko zane.

A ce ɗalibi ya bi farashin gero a kasuwar Maradi tsawon shekara. Maimakon ya rubuta "Sakamako na 2", sai ya rubuta abin da ya gano: farashin tiya ya fi tsada a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka ƙare. A ƙasa ya sa zane ɗaya mai nuna watanni da farashi, ya yi wa watan da ya fi tsada alama da launi daban. Alƙalin da hankalinsa ya tafi wani wuri na minti ɗaya, yana ɗago kai zai gane inda ake. Wannan tsari yana da wani amfanin: yana tona asirin shafin da ba shi da abin faɗa. Duk shafin da aka kasa rubuta masa jimla guda, a cire shi. Kuma idan aka jera kanun shafukan kaɗai aka karanta su daga farko zuwa ƙarshe, ya kamata su ba da labarin aikin gaba ɗaya. In ba su ba da ba, matsalar tana cikin tunanin, kuma gara a gano ta a ɗaki da a gano ta a gaban alƙalai.

Shi ya sa aikin bai kamata ya fara da buɗe kwamfuta ba. Ya fara da takarda da biro da tambaya ɗaya: in mutanen nan za su fita da abu guda kaɗai a kansu, mene ne shi? Sai tambaya ta biyu: me ake so su yi bayan sun ji? Alƙalai su yarda an yi bincike na gaskiya, mai jari ya sa hannu, magajin gari ya ware kuɗin rijiya. Kowane shafi sai ya yi wa wannan manufa hidima.

Game da yawa, Guy Kawasaki, wanda ya yi aiki da kamfanin Apple kafin ya koma harkar zuba jari, ya shahara da ƙa'idar 10, 20, 30: shafi goma, minti ashirin, kuma girman haruffa kada ya gaza 30. Ya tsara ta ne don masu neman jari, ba dole ta dace da kowane kundi ba. Amma lissafin da ke bayanta ya shafi kowa. Mai shafi 60 da minti 15 yana da daƙiƙa 15 ga kowane shafi. Babu zanen alƙaluman da za a fahimta a daƙiƙa 15.

Hujjar masu cika bango

Masu cika bango da rubutu ba su rasa dalili ba, kuma ya kamata a saurare su.

Na farko tsoro ne. Yawancin ɗalibai suna kare kundi da Faransanci, harshen da ba shi suka tashi da shi a gida ba, a gaban malamai da iyaye da abokai. Rubutun bango sanda ce da suke dogarawa kada magana ta ɗauke. Tsoron gaskiya ne, amma sandar ba ta bango ba ce. PowerPoint da Google Slides da Impress na LibreOffice duk suna da wurin rubuta bayanin da mai magana kaɗai ke gani. Ƙaramar takarda a hannu ma ta isa. Abin da ya fi duka shi ne maimaitawa da murya a sarari, a tsaye, da agogo, sau uku ko huɗu, a gaban aboki da aka ba izinin katsewa ya ce bai gane ba. Ban da haka, rubutun bango ba ya ceton kowa a ƙarshe, domin bayan gabatarwa akwai tambayoyi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na biyu, wasu malamai da shugabannin ofis da kansu ne ke neman a zuba komai a bango, suna ɗaukar yawan shafi a matsayin alamar ƙwazo. A nan ɗalibi ba shi da laifi sosai, domin wanda ke riƙe da maki shi ke kafa doka. Abin da zai iya yi shi ne ya raba kayansa biyu: shafuka ƴan kaɗan na gabatarwa, sannan shafukan ajiya a bayan na ƙarshe, masu ɗauke da cikakkun jadawalai da lissafi. In alƙali ya tambaya, sai ya buɗo shafin da ya dace. Wanda ya yi haka ya nuna ya san aikinsa fiye da wanda ya karanta komai a guje.

Na uku, a ƙungiyoyi da ma'aikatu diyapo ya zama shi ne rahoto. Ana gama taro a ce a turo shi ta WhatsApp, don haka ake cusa masa komai saboda wanda bai halarta ba. Wannan shi ne ainihin abin da aka soki NASA a kai. Abin karantawa daban ne, abin haskawa daban, kuma wanda ya haɗa su a takarda ɗaya yakan rasa duka biyun. A 2004 Jeff Bezos ya hana amfani da PowerPoint a tarukan manyan shugabannin kamfanin Amazon, ya maye shi da rubutaccen bayani da daga baya ya tsaya a shafi shida, wanda kowa ke karantawa shiru a farkon taro kafin a fara muhawara. Ba kowace ma'aikata ce za ta yi haka ba, amma kowace tana iya raba takarda mai shafi ɗaya ko biyu, ta bar majigi ga hotuna da zane.

Zauren da za a yi magana a cikinsa

Littattafan koyar da gabatarwa yawanci an rubuta su ne don zaure mai duhu da sanyi, inda wuta ba ta ɗaukewa. Mai gabatarwa a Tawa cikin watan Afrilu ya san ba haka nasa zauren yake ba. Rana tana shigowa ta taga, fitilar majigin ta tsufa, bangon ba fari tas ba ne. A irin wannan wuri rubutu rawaya ko toka a kan fari ɓacewa yake yi. Baƙin rubutu mai kauri a kan farin shafi shi ne abin dogara. Gwajin mai sauƙi ne: a ja baya mita biyu daga allon kwamfuta, abin da bai karantu ba daga nan, na bayan zaure ma ba zai karanta shi ba.

Batun wuta kuma ba sai an tuna wa kowa ba. Bayan juyin mulkin Yuli 2023, da Najeriya ta katse layin da ke kawo mafi yawan lantarkin da Nijar ke amfani da shi, biranen ƙasar sun sha duhu na watanni, kuma ko a shekarun da babu rikici lokacin zafi ba ya wucewa ba tare da ɗaukewar wuta ba. Wanda duk iliminsa ke cikin majigi, in wuta ta ɗauke shi ma ya ɗauke. Mai hankali yakan ajiye aikinsa a matsayin PDF don kada haruffa su rikice a wata kwamfutar, ya sa kwafi a USB da kuma cikin salula, ya buga muhimman zane biyu ko uku a takarda don alƙalai, ya iso da wuri ya gwada wayar haɗi. Sama da duka, ya iya faɗin aikinsa cikin minti biyar ba tare da ko shafi ɗaya ba.

Sai harshe. Ba sabon abu ba ne a tara shugabannin ƙungiyoyin manoma da mata da masu gari a hasko musu shafukan Faransanci cike da gajerun sunayen hukumomi, sannan a rubuta a rahoto cewa an tuntuɓi jama'a. Mafi yawan manya a karkara ba su karanta Faransanci. Kundin Refondation da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ko ba da wannan ba, hankali ya isa ya nuna cewa a taron manoma hoto da taswira da ma'aunin da suka sani, tiya da buhu da jika, su ne za su isar da saƙo, bayani kuma ya zo da harshen da suke ciniki da shi, Hausa ne ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek ko Barbarci.

Ƴan Nijar mazauna waje suna da nasu yanayin. Mai gabatar da shirin gina aji ko rijiya ga ƙungiyar ƴan garinsu ta Zoom, daga Faransa ko Kanada ko Abijan, ya tuna cewa mafi yawan masu kallonsa a gida suna kan allon salula ne mai faɗin tafin hannu, da intanet ɗin da suka saya da kuɗinsu kuma yake yankewa. Bidiyo mai nauyi da haruffa masu tsalle suna cinye musu kuɗi ne a banza. Adadi ɗaya babba a shafi, hoto ɗaya, da PDF mara nauyi da aka tura kafin taro sun fi amfani. In ana maganar kuɗin jama'a kuwa, shafin da ya fi muhimmanci shi ne mai nuna nawa aka tara, nawa aka kashe, a kan me, nawa ya rage. Wanda ya tura wannan shafi can ƙarshe, ko ya ƙanƙanta haruffansa, ya jawo wa kansa zargi ko da bai ci ko tamma ba.

Abin da ya rage ga jami'o'i

PowerPoint ya fito a 1987, Robert Gaskins da Dennis Austin suka ƙirƙire shi a kamfanin Forethought, kuma Microsoft ya saye kamfanin a shekarar a kan dala miliyan 14 na Amurka. Shekaru kusan arba'in ke nan, amma har yanzu yawancin ɗalibai suna koyonsa ne ta hanyar karɓar tsohon diyapo daga wanda ya gabace su, su sauya suna da take. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke haɗa shafi ashirin masu ƙyalli cikin minti ɗaya. Za su ƙara yawan shafuka, amma ba za su amsa tambayar alƙali a madadin kowa ba.

Gyaran ba ya buƙatar kasafi mai yawa. A 2008 Jami'ar Queensland ta Ostareliya ta fara gasar bayyana kundin digirin dokta cikin minti uku da shafi ɗaya tak mara motsi, kuma a 2012 aka fara irinta da Faransanci a Kebek ta Kanada da sunan "Ma thèse en 180 secondes". Babu abin da zai hana kowane sashe a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Djibo Hamani a Tawa ya mayar da wannan atisaye na dole kafin ranar kare kundi: minti uku da Faransanci, sannan minti uku da harshen gida a gaban waɗanda ba ƴan fannin ba. Ɗalibin da ya iya bayyana wa mahaifiyarsa abin da ya gano a kan gero ko albasa ya fahimci aikinsa. Wanda ya kasa kuwa, malaminsa ya samu labari tun da sauran lokacin gyara.

Sassan jami'o'i kuma su rubuta ƙa'idarsu a fili: iyakar yawan shafuka, mafi ƙanƙantar girman haruffa, da wani kaso na maki da aka ware wa bayyana sakamako a cikin lokacin da aka bayar. Cibiyoyin renon ƙananan kamfanoni irin su CIPMEN a Yamai, da ƙungiyoyin da ke shirya tarukan bita, su ma su bi sahu. Ɗalibai suna bin abin da ake ba wa maki. Muddin alƙalai na yaba wa mai shafi 60, shafi 60 za a ci gaba da kawo musu, sakamakon binciken kuma ya ci gaba da maƙalewa a shafi na 48, inda lokaci ba ya kaiwa.